Kafin gwamnati ta gyara Karar Wudil, ta fahimci abin da ke riƙe da ita

Duk ranar Juma'a Karar Wudil kan cika da shanu tun da hantsi: bunaji farare, rahaji masu dogayen ƙahoni, bokoloji masu nauyin jiki, wasu daga rugagen Gaya da Garko da Sumaila, wasu daga Jigawa da Yobe da Barno, wasu kuma sun tsallako daga Nijar ta Maigatari. Kafin magariba dukiya mai ɗimbin yawa ta sauya hannu, tireloli sun kama hanyar Legas da Ibadan da Anaca da Fatakwal. Galibi mai saye da mai sayarwa ba su taɓa ganin juna ba, babu lauya a tsakaninsu, babu takardar yarjejeniya, amma ciniki yana faɗawa, mako mai zuwa kuma kowa ya dawo. Idan masu mulki suka tashi maganar gyaran kasuwa irin wannan, hankalinsu kan tafi ga rumfuna da katanga da ƙofar karɓar kuɗin shiga. A ganina sun fara daga inda bai kamata ba. Abin da ke riƙe da Kara tsari ne na lamuni da 'yan kasuwa suka gina da kansu cikin ɗaruruwan shekaru, tsarin da ke sa mutum ya miƙa dukiyarsa ga baƙo hankalinsa kwance. Duk manufar gwamnati da ta sauƙaƙa wannan lamuni tana ƙara wa jama'a arziki, wadda ta wahalar da shi kuwa talauta su take yi, komai kyan niyyar da aka yi ta da ita.

A dubi yadda ake cinikin sa guda. Makiyayi ba kasafai yake tsayawa ciniki da kansa ba. Yakan miƙa igiya ga dillalin da ya saba da shi, wanda sau da yawa shi ne ya riƙa sayar wa mahaifinsa. Mai saye ya zagaya san, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora don ya san shekarunsa, ya taɓa tozo, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse, ya sa a ja shi ya ga ko yana ɗingishi. Sai ya taya. Dillali ya ce albarka, mai saye ya ƙara, a sake cewa albarka, har a kai inda dillali zai koma gefe ya yi ƙus-ƙus da mai dabba, ya dawo ya ce an sallama. A shafa wa san fenti da alamar sabon mai shi, a biya la'ada. Duk wannan dube-dube bai amsa tambayoyi uku da suka fi komai nauyi ba: san nan na wanda ya kawo shi ne ko na sata ne, yana ɗauke da ciwon huhu ko na hanta da ido ba ya gani, kuma idan bashi aka yi, wa zai tsaya a biya? Dillali ne amsar ukun. Makiyayi zai koma daji, falke zai yi kudu, amma dillali yana nan a gurbinsa kowane mako, kuma ranar da aka biyo sawun saniyar sata, wuyansa za a fara kamawa. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan kasada ce. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna, da misalin tsofaffin motoci, cewa idan mai saye ba ya iya bambance kaya mai kyau da mai aibi, zai taya kowa da matsakaicin farashi, masu kaya mai kyau su janye, kasuwa ta lalace. Wannan nazari na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. 'Yan Kara sun daɗe da samo maganin matsalar kafin a rubuta ta.

Tsarin kuwa tsoho ne. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya sauka Kano a 1824, ya ba da labarin abin da ya gani a babbar kasuwar birnin, wato Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. Idan aka kai kayan har Barno aka kwance aka tarar da aibi, sai a dawo da su, dillali ya nemo mai kaya, dokar Kano kuma ta tilasta masa mayar da kuɗi. Abu uku ne suka haɗu a nan: sunan da za a bi, dillalin da ke da mutuncin da zai rasa, da hukumar da ke tsaye a bayansa. Fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke hukunci da shi ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, ya hana a sa wani ya riƙa ƙara tayin ƙarya don a yaudari mai saye, ya kuma hana a tari masu kaya a hanya a saye kafin su san farashin kasuwa. Sarkin kasuwa yana lura da mudu da rumfa, sarkin pawa da mahauta, sarkin zango da baƙi. Masanin tattalin arziki Douglass North, wanda ya sami lambar Nobel a 1993, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ƙa'idoji, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba, tare da hanyar tilasta su, su ne ke yanke tsadar mu'amala tsakanin mutane, kuma wannan tsada tana cikin manyan abubuwan da ke raba ƙasa mai arziki da matalauciya. Kano ta zama matattarar fatake saboda wanda ya taso daga Gadamas ko Gwanja ya san idan an cuce shi akwai inda zai kai ƙara.

Sarƙar lamunin ba ta tsaya a bakin kogin Wudil ba. A farkon shekarun 1960 Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya tarar shanun da ake sayar wa mahauta Yarabawa bashi ake ba su, na 'yan makonni, ba jingina. Falke ya sauka wurin mai gida, mai gida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar da shanun, kuma idan mahauci ya cinye kuɗi, nauyin yana kan mai gida, don in ya bari baƙonsa ya yi asara sunansa ya ɓaci a arewa ke nan. Dillalai suna riƙe da tarihin kowane mahauci a ka: nawa ake binsa, a wurin wa, yaya yake biya. Wanda ya ƙi biya sai kasuwa ta juya masa baya har ya sauke nauyi. Wata mai bincike, Polly Hill, ma ta ga irin wannan tsari a Kumasi. Ke nan aikin banki da na inshora da na kotu duk suna gudana tsakanin ruga da mayanka, a hannun mutanen da babban jarinsu shi ne mutuncinsu. Waya da tirela sun ƙara wa harkar sauri, amma ginin yana nan: har yau falke yana loda shanun miliyoyin naira ya tura su kudu bisa maganar wani da ke jiransa a Agege ta Legas ko Akinyele ta Ibadan.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne cewa dillalai ci-ma-zaune ne, suna shan romon gumin makiyayi, don haka a kawar da su a haɗa mai kiwo da mai saye kai tsaye ƙarƙashin wata hukuma. Akwai gaskiya a ƙorafin. Akwai dillalin da ke sayarwa a kan wani kuɗi ya gaya wa mai dabba wani, akwai kuma wanda ke haɗa baki da falke a karya wa baƙauye farashi. Sai dai Kano ta taɓa ganin abin da ke faruwa idan hukuma ta zauna a kujerar mai saye. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka so a noma wa masaƙun Ingila, amma manoma suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata kuma suka juya hanyoyin fataucin goro zuwa sayen gyaɗa, suna ba wakilansu kuɗi su shiga ƙauyuka. Babu wanda ya tsara wannan bunƙasa daga ofis. Daga baya, a 1949, aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Hukumar ba ta kawar da 'yan tsakiya ba. Ta mai da su masu lasisi, ta kashe gasar farashi, ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya da sunan ana yi masa tanadi. An yi ayyukan raya ƙasa da rarar, wannan gaskiya ne, amma daga aljihun manomi ta fito ba tare da an tambaye shi ba. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, sun tarar da manomin da ya riga ya sare da harkar. Dalar gyaɗa ta ɓace, aka rusa hukumomin a 1986. Maganin dillali maƙaryaci shi ne mai dabba ya san farashi, ya kuma sami damar sauya dillali. Binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, ba tare da an kori ɗan kasuwa ko ɗaya ba.

Misali mafi kusa na manufar da ba ta dubi ginin kasuwa ba shi ne sauyin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, yana kafa hujja da cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ke yawo suna wajen bankuna. Aka sa 31 ga Janairu 2023 ya zama wa'adi, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. An janye tsofaffin kuɗi, sababbi ba su wadata ba. Manufar, kamar yadda aka faɗa, ita ce a toshe kuɗin fansa da sayen ƙuri'a, a kuma tura mutane zuwa biya ta waya, kuma babu mai hankalin da zai ƙi waɗannan. Amma kasuwar dabbobi da tsabar kuɗi take tafiya, kuma da dalili. Makiyayin da ya fito daga daji inda babu banki babu sabis ba zai saki igiyar sa don an nuna masa saƙo a fuskar waya ba, musamman a lokacin da kuɗi ke maƙalewa a hanya kwana da kwanaki. Tsabar kuɗi ita ce shaidar da ba ta bukatar ya yarda da kowa. Da aka ɗauke ta kafin a samar da abin da zai tsaya a madadinta, sai aka wayi gari da farashi biyu, na kuɗi hannu da na tura kuɗi, naira kanta ta zama hajar da ake saye a wurin masu POS, wanda bukata ta matsa kuma ya karyar da dabbarsa. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Abin lura shi ne, tun daga lokacin biya ta waya ya yaɗu a kasuwanni, amma ya yaɗu ne a inda mutane suka gwada shi suka ga kuɗinsu na shiga nan take. Yarda ce ta jawo shi, wa'adi bai iya ba.

Sai hanya. Tirelar da ta tashi daga Wudil za ta ratsa jihohi da dama kafin ta isa mayanka, kuma ƙungiyoyin fatake sun daɗe suna kuka da shingayen da ake tare su: na jiha, na ƙaramar hukuma, na masu sanye da kaki, da na waɗanda ba a ma san wa ya aiko su ba. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma shingayen ba su tashi ba. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin da aka miƙa ta taga ba. Shanu suna ɗaure a cikin mota, cikin rana, ba ci ba sha. Kowace sa'a da aka ɓata nama ne ke zubewa, wani lokaci a yanka dabba a gefen titi don kada ta zama mushe. Falke yana sa duk wannan a lissafinsa, ya rage daga abin da zai taya a Wudil, ya ƙara a kan abin da zai sayar a Legas, makiyayi da mai cefane su raba asarar. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na kusan mako guda, kuma cire shingaye na cikin bukatunta. Cikin kwanaki nama da tumatir suka yi tsada a kudu, tumatir ya yi kwantai a arewa, kowa ya ji a jikinsa. Kukan haraji barkatai kuwa ba yau aka fara shi ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da karɓe-karɓen kasuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali a Kano a 1979. Tun ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya lura cewa daular da ke yawaita haraji tana kashe zuciyar masu nema, har abin da take tarawa ya ragu.

Iyaka ma haka. An rufe iyakokin tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A tsakanin rufewar biyu, a Fabrairu 2021, aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ɗan kasuwa da ke kallon wannan ba zai san wanne zai gaskata ba. Ana iya samun dalilin tsaro ko na siyasa a bayan kowace rufewa, amma illarta ga ciniki ta wuce watannin da aka yi a rufe. Bashi da ba da kuɗi gaba suna rayuwa ne a kan sanin abin da gobe za ta zo da shi. Wanda ya taɓa ba abokin cinikinsa na Damagaram kuɗi aka rufe iyaka a tsakaninsu, a gaba zai rage abin da yake bayarwa, ko ya bi ta barauniyar hanya inda babu likitan dabbobi, babu kuɗin shiga ga kowa. Hauhawar farashi ma irin wannan ɓarna take yi a ɓoye. A 2024 ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan yanayi duk wanda ya ba da shanu bashi na wata guda ya san kuɗin da za a biya shi ba za su sayi irin shanun da ya bayar ba. Sai wa'adi ya gajarce, masu ƙaramin jari su fita daga harkar.

Wani zai ce, to tunda haka ne gwamnati ta tsame hannunta gaba ɗaya, ta bar kasuwa da masu ita. Wannan ma kuskure ne, kuma tarihin cutar bushiya ya isa hujja. Annobar ta share garake a ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890. A 1962 aka fara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, cutar ta ja baya. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi mummunar ɓarna, sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Babu dillali ko mai gida, komai mutuncinsa, da zai iya yi wa shanun ƙasashe huɗu allura. Gada da titi da likitan dabbobi da kotu da kuɗi mai daraja aikin hukuma ne. Kuma lamunin gargajiya yana da iyakarsa, domin wanda aka sani yake yi wa aiki. Matar da ta turke sa a gida wata shida tana ba shi dusa da harawa, sai ta hannun miji ko ɗa take sayarwa, abin da aka gaya mata shi ne farashi. Saurayin da ba shi da uba a Kara ba mai ba shi shanu bashi. Tun 2017 akwai dokar da ta halatta a jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, har da dabbobi, a karɓi rance, amma banki ba zai karɓi garken da ba a iya bambance shi da na maƙwabci ba. Satar shanu kuma ta fi ƙarfin idon dillali tun da ta koma sana'ar masu bindiga. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da wasu maƙwabtansu sun rufe kasuwannin dabbobi don toshe wa ɓarayi hanya. Ana fahimtar abin da ya kai su ga haka, amma rufe kasuwa yana hukunta mai halal da mai haram tare, yana kuma kore ciniki daga wuri ɗaya tilo da ake da shaidu.

Akwai kuma masu kira, musamman idan Babbar Salla ta gabato, cewa hukuma ta ƙayyade farashin rago da sa. Hadisi ya tabbata cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yi ba, alhali ya hana ɓoye kaya da algus da tauye mudu. Rabon aikin a bayyane yake: hukuma ta tsare gaskiyar ciniki, ta bar farashi ya faɗi halin da ake ciki. A 1984 an gwada tilasta wa 'yan kasuwa sayar da kayan masarufi a farashin gwamnati, abin da ya biyo baya shi ne dogayen layuka da ɓacewar kaya daga kantuna. Kuɗin sa a Wudil yana ɗauke da kuɗin dusa, da na man dizal, da darajar naira a kan sefa, da haɗarin hanya. Wanda ke son farashi ya sauko, waɗannan zai taɓa.

Masu son zamanantarwa suna da hujja mafi ƙarfi. Suna cewa me ya sa za a riƙa jigilar dabba da rai kwana biyu a mota, alhali ana iya yanka ta a Kano a tura nama cikin motar sanyi, fata ta tsaya wa masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, aikin yi ya ƙaru? Ina tare da su, kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a Yuli 2024 dama ce ta yin hakan. Sai dai naman da ke cikin kwali ya fi dabba mai rai bukatar lamuni. Mahaucin Legas da ya ga sa a tsaye yana iya duba shi da idonsa. Wanda aka aiko wa daskararren nama dole ya yarda da hatimin likitan da bai taɓa gani ba, da wutar lantarkin da ta riƙe sanyi, da kotun da za ta bi masa haƙƙi idan kaya suka lalace. Idan aka gina mayanka ta zamani ba a gina waɗannan ba, za ta bi sahun gine-ginen gwamnati da yawa da aka buɗe da biki aka rufe shiru. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a fara da fatake da dillalan da suka riga suka mallaki abokan ciniki a kudu, su zama masu hannun jari a sabon tsarin.

Abin da ya kamata a yi a Wudil bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da jiha ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da mayanka da tashoshin mota a kan ƙananan hukumomi, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kuma ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A haɗe duk karɓe-karɓen Kara su zama kuɗi ɗaya da rasit ɗaya, a rubuta adadin a allo a bakin ƙofa, gwamnatin Kano kuma ta nemi yarjejeniya da jihohin da ke kan hanya su mutunta takardar. A buɗe rajistar da dillalai da kansu za su riƙe, mai ɗauke da sunan mai dabba da garinsa da kamannin dabbar da sunan wanda ya lamunce, daga nan a wuce zuwa sa lamba a kunne. Wannan zai takura wa ɓarawo, ya kare dillali mai gaskiya, ya kuma ba banki abin da zai kama. A sa sikeli wanda mai so zai hau da dabbarsa, ba tilas ba, don idan ya yi amfani kasuwa da kanta za ta rungume shi. A ajiye likitan dabbobi da ruwan sha da wurin lodi mai kyau. Sulhun da shugabannin kasuwa ke yi a riƙa rubuta shi, ta yadda wanda ya ƙi bi za a iya kai takardar gaban alƙali. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka kafa a garin tun 2001, tana iya tura ɗalibanta su tattara farashi kowane mako a karanta a rediyo, mai turke a gida ta ji da kunnenta. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda ma a Wudil take; babu wurin da ya fi dacewa a nuna wa masu riƙe hanyoyin gobe abin da shinge ɗaya ke jawo wa motar shanu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar biliyoyin naira, shi ya sa ma ba sa burge masu neman kwangila. Abin da suke bukata shi ne hukuma ta yarda a riƙa bin ta bashi kamar yadda ake bin dillali. Matakin farko da zai nuna da gaske ake shi ne majalisar ƙaramar hukuma ta riƙa bayyana wa jama'a nawa ta tara daga Kara kowane wata da abin da ta yi da shi, kuma kada Kano ko Abuja su sake yanke wata shawara da ta shafi kuɗi ko iyaka ko hanyar dabbobi sai an zauna da fatake da dillalai da makiyaya an ji yadda za ta faɗa a kansu, an kuma ba su wa'adin da za su warware basussukan da ke tsakaninsu.